Ficewar Amurka daga Afganistan: ina aka kuskure, kuma me ya rage a wuyanta?

Tambaya: Malam, tun ranar da muka ga mutane sun maƙale a jikin jirgin sojan Amurka a filin jirgin saman Kabul abin yake ci mini rai. Wasu na cewa bai kamata Amurka ta fita ba, wasu kuma na cewa dama ba ta da hurumin shiga, don haka Allah raka taki gona. Shin akwai yadda ƙasa za ta janye daga yaƙin da ta je ta yi a ƙasar wasu ba tare da ta bar mutane cikin bala'i ba? In kuma ta fita, shi ke nan ta sauke nauyi?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Na yi shekaru ina aikin agaji a sansanonin 'yan gudun hijira kafin na koma aji ina koyar da darasin sulhu da warware rikici, kuma wannan ficewa tana cikin abubuwan da nake sa ɗalibaina su feɗe har wutsiya kowace shekara. Bari in fara da inda na tsaya. Janye sojojin daidai ne, an ma makara. An yi shekara 20 ana fafatawa, kuma duk wanda ya san filin ya san ƙarin shekara biyar ba za ta haifar da ɗa mai ido ba. Masu bincike a Jami'ar Brown sun ƙiyasta cewa mutum kusan 176,000 ne yaƙin ya ci kai tsaye, ciki har da farar hula fiye da 46,000. Sojoji da 'yan sandan Afganistan da suka mutu sun haura 60,000, na Amurka kuma sun haura 2,400. Ba mai tausayin da zai ce a ci gaba da haka.

Abin da ya ɓata fitar shi ne an haɗa abu huɗu an zare su kusan lokaci guda: soja, kanikawan jirage, kuɗin albashi, da banki. Na farkon ne kaɗai tilas. Sauran ukun su ne ke riƙe da rayuwar mutum kusan miliyan 40, kuma ba abin da ya wajabta a tafi da su tare da bindiga.

Amma tun ran gini ran zane, don haka sai mun ɗan koma baya. A Disambar 2001, bayan an kori Taliban daga Kabul, an yi taro a Bonn ta ƙasar Jamus don tsara sabuwar gwamnati. Ba a gayyaci Taliban ba. A lokacin suna ƙasa warwas, wasu manyansu ma na neman a ba su aminci su koma ƙauyukansu. Lakhdar Brahimi, dattijon ƙasar Aljeriya da ya jagoranci taron a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, shi da bakinsa ya amsa daga baya cewa barin su a waje babban kuskure ne. Lokacin da kake da ƙarfi shi ne lokacin da sulhu ke da araha. Amurka ba ta zauna da su da gaske ba sai bayan shekara 17, sa'ad da kowa ya san ita ce ke gaggawar tafiya.

Zaman ya ƙare da yarjejeniyar Doha ta 29 ga Fabrairun 2020, wadda Zalmay Khalilzad ya sa wa hannu a madadin gwamnatin Trump, Mullah Abdul Ghani Baradar kuma a madadin Taliban. Wannan karon gwamnatin Afganistan ce aka bari a waje. An yi alkawarin sojojin ƙetare za su fice cikin wata 14, an kuma yi alkawarin sakin fursunonin Taliban 5,000 da ke hannun gwamnatin da ba ta cikin ɗakin. Shugaba Ashraf Ghani ya yi tirjiya, aka matsa masa, har sai da ya kira babban taron dattawa da suke kira Loya Jirga a Agustan 2020 kafin a saki 400 na ƙarshe. An fara tattaunawa tsakanin 'yan ƙasar a Doha cikin Satumba, amma ta ƙi gaba ta ƙi baya. Dalili a fili yake. Ranar fita a rubuce take, kuma ba a ɗaure ta da nasarar tattaunawar ba. In mai sayen kayanka ya san motarka za ta tashi da azahar, zama zai yi ya jira ka karyar da farashi da kanka. A Afrilun 2021 Shugaba Biden ya ɗan matsar da ranar gaba, bai taɓa tsarin ba.

Ka sa kanka a matsayin ƙaramin soja a wani shinge a lardin Helmand. Ka ji an yi sulhu a tsakanin mai ɗaukar nauyinka da abokin gabarka. Taliban sun daina taɓa sojan Amurka, kai kuma kullum ana kai maka hari. Jiragen da ke kawo maka ɗauki sun ragu. Albashi ya yi wata da watanni bai zo ba, domin manya sun cika takarda da sunayen sojojin bogi suna karɓe kuɗin. Harsashi ya yi ƙasa, abinci ya ƙare. Sai ga dattawan gari sun zo da saƙo: ka ajiye makami, za a bar ka ka koma gida lafiya, har a ba ka kuɗin mota. Ta haka gundumomi suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an harba ko harsashi ba. Masu cewa sojojin Afganistan matsorata ne su tuna yawan gawarwakinsu da na ambata a sama.

Maganar kanikawa kuwa ba a cika yin ta ba, alhali tana da girma. An gina wa ƙasar rundunar da ba ta iya motsi sai da jirgi. Sansanoni a warwatse cikin duwatsu, abinci da harsashi da kwashe majinyata duk ta sama ake yi. Sannan aka fara maye jirage masu saukar ungulu ƙirar Rasha, waɗanda 'yan ƙasar suka iya gyarawa da hannunsu, da Black Hawk na Amurka da gyaransu ke hannun 'yan kwangila baƙi. Ofishin babban mai binciken ayyukan sake gina Afganistan, SIGAR, ya yi gargaɗi tun kafin lokacin cewa in 'yan kwangilar nan suka tafi jiragen za su tsaya. Yarjejeniyar Doha ta haɗa har da su a cikin masu fita. Suka tafi, aka koma ana koya wa makanike gyaran jirgi ta kiran bidiyo. A daren 2 ga Yuli sojojin Amurka suka bar sansanin Bagram, kwamandan Afganistan da zai karɓi wurin ya ce bai sani ba sai bayan sa'o'i. Babban birnin lardi na farko, Zaranj, ya faɗi ranar 6 ga Agusta. Ranar 15 ga wata Ghani ya tsere, Taliban suka shiga Kabul.

Za ka iya cewa to ai ko an bar kanikawa da kuɗi gwamnatin faɗuwa za ta yi. Mai yiwuwa ne, domin cin hanci ya riga ya cinye ta kamar gara. Amma tarihin ƙasar kansa ya nuna cewa fitar soja daban, yanke tallafi daban. Tarayyar Sobiyet ta janye sojojinta daga Afganistan bayan yarjejeniyar Jeneba ta Afrilun 1988, sojanta na ƙarshe ya haye gadar Termez ranar 15 ga Fabrairun 1989. Kowa ya ɗauka gwamnatin Shugaba Najibullah da Sobiyet ke mara wa baya ba za ta kai damina ba. Mujahidai suka far wa Jalalabad a watan Maris, suka sha kashi. Najibullah ya ƙara shekara uku cur a kan mulki, saboda Mosko ta ci gaba da aiko da mai da alkama da makamai. Da Sobiyet ta ruguje aka yanke tallafin a farkon 1992, kwamandojinsa irin su Dostum suka juya masa baya, a Afrilu gwamnatin ta kife. Ba yabon Najibullah nake yi ba, tsohon shugaban 'yan sandan ciki ne da hannunsa ke da jini. Abin da nake nunawa shi ne an samu shekara uku da za a iya ɗinke sulhu a cikinsu, manyan ƙasashe suka bar ta ta wuce, kowa ya kama gabansa. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin basasar da ya mayar da unguwannin Kabul kufai, daga cikin tokarsa kuma Taliban ta fito.

Mu ma a nan mun ɗanɗana irin wannan. Bayan yarjejeniyar Lome ta 1999 Najeriya ta ga ba za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a Saliyo ba, ta fara miƙa aikin ga rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. A farkon Mayun 2000, daidai lokacin da ragowar dakarun ECOMOG ke ficewa, 'yan tawayen RUF suka kame sojojin Majalisar kusan 500. Tsakanin tashin wani da zaman wani nan ne bango ke tsagewa, kuma duk mai shirin fita nan ya kamata ya fi sa ido.

Yanzu bari in zo inda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato abin da ya faru bayan jirgi na ƙarshe ya tashi a daren 30 ga Agusta.

Kafin faɗuwar Kabul, kusan kashi 75 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin Afganistan ke kashewa tallafi ne daga waje. Ba zaɓin manomin Badakhshan ba ne a gina ƙasa a haka, masu ba da tallafin ne suka gina ta a haka cikin shekara 20. A mako guda aka rufe famfon. Bankin Duniya ya dakatar da biyan kuɗi, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi haka, Amurka kuma ta riƙe ajiyar babban bankin ƙasar, kusan dala biliyan 7 da ke New York. Bankunan ƙetare suka tsorata da takunkumin da ke kan shugabannin Taliban, suka daina taɓa duk wani kuɗi da ke da sunan Afganistan a jikinsa, ko da na sayen magani ne. Takardun kuɗin ƙasar kansu a waje ake buga su, aka rasa yadda za a biya kamfanin da ke bugawa a Poland har zuwa ƙarshen 2022, mutane na ta liƙe yagaggun takardu suna ciniki da su.

Ka tuna ƙarancin takardun naira a farkon 2023, yadda mutum ke da kuɗi a banki amma ya kasa sayen kwanon masara? To ka ninka wannan, ka haɗa da fari, ka haɗa da hunturun da ƙanƙara ke rufe hanyoyi. An ƙayyade wa mutum dala 200 a mako in ma ya kai ga kanta, mutane na kwana a layi. A filin Chaman-e-Hozori da ke Kabul iyalai suka riƙa baje kayan ɗakinsu, darduma, firji, tukwane, keken ɗinki, suna sayarwa a wulaƙance don su sayi fulawa. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya ne da yawansu, mutanen da wata biyu baya suke da albashi. Tattalin arzikin ƙasar ya tsuke da kusan kashi 20 cikin 100 a wannan shekara. Hukumar Abinci ta Duniya ta ce mutum miliyan 22.8, fiye da rabin al'umma, na fuskantar matsananciyar yunwa a wannan hunturu. Daga wajen Herat aka riƙa samun labarin masu sayar da ƙodarsu, da iyayen da ke aurar da ƙananan 'ya'yansu mata don sauran su ci.

Harkar lafiya ta fi ban tausayi. Akwai wani shiri mai suna Sehatmandi da Bankin Duniya ke tafiyar da kuɗinsa, shi ne ke riƙe da asibitoci da ɗakunan shan magani kusan 2,300 a faɗin ƙasar. Ba ta hannun jami'an gwamnati ake gudanar da yawancinsu ba, ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke riƙe da su bisa kwangila. Duk da haka aka dakatar da shi tare da komai.

Na san yadda wannan yake a ƙasa, domin na gan shi da idona a wani ƙaramin asibitin sansani a Arewa maso Gabas, lokacin da kuɗin wani shiri ya yanke ba zato. Ba rana ɗaya asibiti ke mutuwa ba. Man janareta ne ya fara ƙarewa, firjin allurar rigakafi ya ɗumame, muka zubar da abin da ke ciki. Direban motar ɗaukar marasa lafiya ya koma acaɓa. Ungozomarmu ta yi wata uku ba albashi tana zuwa, tana karɓar haihuwa da fitilar wayarta a baki saboda hannayenta biyu na aiki. Ranar da ta zo ta ce mini, "Malam, ka yafe mini, yarana ba su ci ba tun jiya," ban sami abin da zan ce mata ba. Bayan tafiyarta mata suka koma haihuwa a tanti, kuma waɗanda suka rasu a haka ba wanda ya rubuta su a lissafin waɗanda rikici ya kashe. Irin wannan ne ya faru a Afganistan, a wuri dubu biyu lokaci guda.

An gyara wasu abubuwa daga baya, kuma adalci ne a faɗa. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ɗauki nauyin albashi da magani a manyan asibitoci fiye da 30. Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2615 ranar 22 ga Disambar 2021, wanda ya cire aikin agaji daga cikin takunkumi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala biliyan 4.4 a Janairun 2022, ta kuma koma ɗauko tsabar dala a jirgi tana kai wa Kabul tunda banki ya ƙi aiki. Waɗannan sun hana yunwar zama abin da aka ji tsoro. Sai dai ka duba kwanan wata. Wata huɗu tsakanin faɗuwar Kabul da ƙudurin. An san ranar fita tun Fabrairun 2020, an kuma san akwai yiwuwar Taliban ta karɓi mulki. Da an rubuta wannan sassauci tun kafin a fita, an tanadi hanyar biyan ungozoma da malamin firamare kai tsaye, da ba a yi ihu bayan hari ba.

Kuɗin babban bankin kuma har yau maganarsu ba ta mutu ba. A Fabrairun 2022 Biden ya raba su biyu: dala biliyan 3.5 don amfanin 'yan Afganistan, sauran kuma aka bar su a gaban kotu saboda ƙarar iyalan waɗanda harin 11 ga Satumba ya shafa. Iyalan nan suna da haƙƙi, ba wanda ke musu. Amma a cikin maharan 19 babu ɗan Afganistan ko ɗaya, kuma kuɗin ba na Taliban ba ne, ajiyar ƙasa ce, har da kuɗin bankunan 'yan kasuwa da na talakawa masu ajiya. A Fabrairun 2023 wani alƙali a New York ya yanke cewa ba za a taɓa su ba. Rabin da aka ware kuwa an kai shi wani asusu a Suwizalan a Satumbar 2022, kuma shekara biyu bayan haka ba a fitar da ko sisi daga ciki ba.

Na san abin da za ka ce, ɗalibaina ma suna faɗa: in aka saki kuɗi ai Taliban za a ƙarfafa, mutanen da suka hana 'yan mata sakandare a Maris ɗin 2022, suka rufe musu jami'a a Disamba, suka kuma hana mata aiki da ƙungiyoyin agaji. Wannan ƙorafi ne mai nauyi. Abin da suka yi wa mata zalunci ne, malaman Musulunci daga ƙasashe da dama sun faɗa musu haka, kuma gaskiya ne cewa duk dalar da ta shiga ƙasar suna samun wani abu a ciki, ko ta haraji ko ta tsoma baki a rabon kaya. Ban yarda a miƙa musu biliyoyi a hannu ba. Amma tambayar da nake yi ita ce, wa ya ji a jikinsa? Shugabannin Taliban ba su kwana da yunwa ba, suna da kuɗin kwastan da na ma'adinai. Yarinyar da aka hana makaranta ita ce kuma aka rufe wa asibitin haihuwa. An bar jaki ana dukan taiki. Akwai hanyoyin tsakiya da masana harkar kuɗi suka daɗe suna kawowa: a riƙa sakin kuɗin kaɗan kaɗan don daidaita darajar kuɗin ƙasar kawai, a sa masu bincike na waje su bi sawun kowane kashi, in aka ga an karkatar a dakatar. Takunkumi kuma a ɗora shi a kan mutum da sunansa, tafiye-tafiyensa da dukiyarsa.

Sai maganar waɗanda suka yi maka aiki. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tafintoci, direbobi, masu gadi, masu dafa abinci, an ɗauke su aiki bisa alkawarin ba za a bar su a baya ba. Amurka ta kafa musu biza ta musamman tun 2009, amma a 2021 akwai takardun mutum kusan 18,000 da ke jibge ba a duba ba, ban da iyalansu. An kwashe mutum fiye da 120,000 ta jirgi cikin mako biyu da 'yan kwanaki, kuma wannan aiki ne babba da sojoji suka yi da jarumtaka. Amma wanda ya iya kutsawa ƙofa shi ya shiga, ba lallai wanda ya fi cancanta ba. A wannan cunkoso ne ɗan ƙunar baƙin waken IS ya tashi bam ranar 26 ga Agusta, ya kashe 'yan Afganistan kusan 170 da sojojin Amurka 13. Kwashe mutanenka aiki ne da ake farawa shekara guda kafin fita, a hankali, soja na nan yana gadi. An ƙi yin haka don kada a nuna an yanke ƙauna daga gwamnatin Ghani, kuma shi ma ya roƙi kada a yi. Sai aka zo aka yi shi a mafi munin yanayi. Birtaniya ma ta yi nata sakacin: a 2022 bayanan mutum kusan 19,000 masu neman mafaka suka fita daga hannun ma'aikatar tsaronta bisa kuskure, aka rufe maganar da umarnin kotu har zuwa Yulin 2025.

Akwai kuma bashin jini. Kwana uku bayan bam ɗin, jirgin Amurka marar matuƙi ya bi wata farar Corolla a Kabul na tsawon sa'o'i. Mai motar ma'aikacin wata ƙungiyar agaji ne, abin da aka gani yana lodawa kuma jarkokin ruwa ne zai kai gida. Yana shiga harabar gidansa yara suka ruga tarbarsa, makami ya sauka. Mutum goma 'yan gida ɗaya, bakwai yara ne. Da farko an ce an kashe ɗan ta'adda ne, sai da 'yan jarida suka tono gaskiya kafin Janar McKenzie, babban kwamandan sojojin Amurka na yankin, ya fito ranar 17 ga Satumba ya amsa kuskure. A Disamba ma'aikatar tsaron Amurka ta ce ba wanda za a hukunta. Haka aka yi a 2015 da jirgin Amurka ya yi luguden wuta a asibitin Likitoci Na Gari Na Kowa a Kunduz, mutum 42 suka mutu, ba wanda ya gurfana a kotu. Ostireliya ta ɗan fi ƙoƙari, rahoton binciken da alƙali Brereton ya jagoranta na 2020 ya samu shaidar cewa dakarunta na musamman sun kashe mutum 39 ba bisa ƙa'ida ba, ya kuma ba da shawarar a biya iyalai. Mu da muka san diyya mun san ba kuɗin ne kaɗai ba. Amsa laifi ne a bainar jama'a, da ambaton sunan mamaci, da zuwa ƙofar gidan. Ƙasar da za ta fita da mutunci sai ta bar ofishin da wanda aka zalunta zai kai kuka ko bayan sojanta ya tafi.

Ta fuskar doka, a nan akwai giɓi. Dokokin duniya sun yi dogon bayani kan yaushe ya halatta a shiga yaƙi da yadda za a yi shi, amma kan fita sun yi ƙaranci. Yarjejeniyar Jeneba ta huɗu ta 1949 ta ɗora wa mai mamaya nauyin abinci da magani, sai dai nauyin na tare da mamayar, kuma Amurka na cewa ita baƙuwar gwamnati ce ba 'yar mamaya ba. Abu ɗaya da ke rubuce ƙarara shi ne ragowar abubuwan fashewa: wata yarjejeniya ta 2003 ta wajabta wa wanda ya yi amfani da su ya ajiye bayanan inda ya jefa, ya miƙa, ya taimaka a kwashe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasar Laos Amurka ta zuba bama-bamai fiye da tan miliyan 2 tsakanin 1964 da 1973, kusan kashi uku cikin goma na ƙananan ba su fashe ba, kuma har gobe manomi na kai fartanya ya tashi da su. Sai a 2016 wani shugaban Amurka mai ci ya taka ƙasar, Obama, ya yi alkawarin dala miliyan 90. A Afganistan nakiyoyin zamanin Sobiyet na nan, na yaƙin basasa na nan, ga na Taliban, ga harsasan da ba su fashe ba a filayen atisayen dakarun ƙawance. Mafi yawan waɗanda suke kashewa yara ne, masu kiwo da masu tsintar ƙarfe su sayar. Yanzu da harbe-harbe suka lafa ne ma'aikatan ƙungiyoyin kwashe nakiyoyi irin su HALO Trust ke iya shiga wuraren da da ba sa shiguwa, kuma a daidai wannan lokaci ne kuɗin aikin ke ja da baya.

To in dawo kan tambayarka ta biyu, ko fita na sauke nauyi. A'a. Ana auna nauyin da girman abin da ka rushe da kuma abin da ka sa mutane suka dogara da kai a kansa, kuma ana biyan sa ne a shekarun da kyamarori suka tafi. Abin da ke faruwa kuwa akasin haka ne. Tun daga ƙarshen 2023 Pakistan ke korar 'yan Afganistan, a 2025 Iran ta bi sahu da ƙarfi, miliyoyi suka koma ƙasar da ba aiki ba muhalli, wasunsu ma a can waje aka haife su. Maƙwabtan nan biyu sun ɗauki wannan kaya fiye da shekara 40, kuma taimakon da suka samu bai kai ko kusa da nauyin ba. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira, mutanen da aka riga aka tantance suka maƙale a Islamabad da Doha. Cikin 'yan watanni ta yanke kusan duk tallafin jin ƙai da take bai wa Afganistan, alhali ita ce ta fi kowa bayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaruruwan cibiyoyin lafiya sun rufe a sanadin haka. A daren 31 ga Agustan 2025, shekara huɗu da kwana ɗaya bayan tashin jirgi na ƙarshe, girgizar ƙasa ta afka wa lardin Kunar ta kashe fiye da mutum 2,000. Mutane suka riƙa sauko da waɗanda suka jikkata daga kan duwatsu a kafaɗa da gadajen igiya, a yankin da ɗakunan shan magani da dama ke garƙame tun watannin baya.